Kwana Uku a Gefen Kogo: Tarihin Kai Yara Daji a Ƙasarmu



Wani ɗan ƙaramin abu ne ya sa na ɗauki alƙalami yau. A zangon karatun da ya wuce, ɗan autana da ke aji biyar na firamare a nan Funtuwa ya kawo mini takarda daga makarantarsu in sa hannu, wai za a kai su yawon buɗe ido. Da na duba sai na ga wuraren da za su ba su wuce biyu ba, gidan ruwa da ofishin 'yan kwana-kwana, duk a cikin gari. Can ƙasan takardar kuma an rubuta da manyan baƙaƙe cewa ba za a fita bayan gari ba, ba za a kwana ba, kuma kowane yaro zai dawo gida kafin la'asar. Ban ɓata lokaci ba na sa hannu, har da hamdala a zuciyata.

Da daddare muna cin tuwo sai yaron ya ce, "Baba, ku da kuna firamare ina aka kai ku?"

Na ce, "Daji. Kwana uku muka yi a gefen dajin Kogo."

Sai ya ajiye lomar da ke hannunsa, ya zuba mini ido, ya ce, "Sace ku aka yi?"

Wallahi mai karatu, dariya na so in yi amma ta ƙi zuwa. Yaron bai yi wauta ba, domin tun da ya yi wayo bai taɓa jin an ce 'yan makaranta sun kwana a daji ba sai in bindiga ce ta kai su. Shi ya sa na ga ya kamata in zauna in tsara abin da na sani game da tarihin wannan al'ada ta fita da yara daji don neman sani a ƙasashen Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara: daga ina ta zo, yaya aka yi ta, kuma me ya kashe ta. Mutane da yawa za su ce ai 'yan bindiga ne suka kashe ta. Ni dai a ganina gawarta suka tarar.

MAKARANTAR DA TA RIGA BOKO

Bari in fara da fasalin ƙasar, saboda wanda bai san yankin ba. Waɗannan ƙananan hukumomi uku suna kusurwar kudu maso yammacin Jihar Katsina ne, inda ruwan sama ya fi na arewacin jihar yawa, itatuwa kuma suka fi kauri. Dajin Kogo yana ƙasar Faskari. In ka yi kudu ta Sabuwa za ka faɗa dazuzzukan Birnin Gwari, inda Kamuku yake. In ka yi yamma ka shiga Zamfara, ga Kuyambana. In kuwa arewa ka yi ta bayan Ƙanƙara, daji ne zai yi ta miƙa ka ga daji har ka isa Rugu. Wato sarƙa ce guda, wadda a da namun dawa ke bi daga wannan kai zuwa wancan ba tare da sun ratsa gari ba. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Tun kafin a kafa allon boko a wannan yanki, yaro yana da hanyoyi aƙalla uku na sanin daji. Ta farko kiwo. Yaro ɗan shekara bakwai za a haɗa shi da awaki da tumaki ya bi yayyensa, kafin damina biyu ya san ciyawar da ke kumbura ciki da wadda ke ƙara nono, ya san lokacin nunar kanya da ɗinya da tsada da taura. Ta biyu farautar rani. Bayan an kwashe amfanin gona Sarkin Dawa zai sa rana, a fita da karnuka da gora da baka, wani lokaci a kwana biyu ko uku. Aikin yara ɗaukar goran ruwa da ratayar nama, amma idonsu da kunnensu a buɗe suke. Ta uku kuwa ita ce ta almajirai, inda malam zai kwashi ɗalibansa bayan kaka su fita bayan gari su yi kiskadi, su kafa bukkoki na kara, su yi itace da rana, su yi karatu a bakin wuta da dare.

Ka ga ke nan kwana a daji don a koyi wani abu ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Ba a dai kira shi darasi ba, ba a kuma rubuta jarrabawa a kansa.

ABIN DA TURAWA SUKA KAWO

Turawa sun karɓi Katsina a 1903. A 1916 aka yi dokar gandun daji, aka kuma yi ta kare namun dawa, daga nan En'e-En'e suka shiga shata dazuzzuka suna kafa musu iyaka, suna ɗaukar malaman daji masu tsaro. Kamuku, alal misali, a 1936 aka mai da shi gandun daji na En'e. Bayan samun mulkin kai Gwamnatin Jihar Arewa ta yi tata dokar namun dawa a 1963, ta kuma yi ta wuraren kiwo a 1965. Wannan tsari ya yi rana, domin ba don shi ba da gatari ya gama da dazuzzukan tun tuni. Amma yana da illa guda: ya sa talaka ya fara kallon daji a matsayin kayan hukuma, maharbin da ya gaji baka daga kakansa kuma ya wayi gari sai da takarda zai shiga inda ya saba.

Su dai Turawan da suka sa wa daji iyaka, su ne kuma suka zo da nasu salon na kai yara cikinsa. A watan Agusta na 1907 wani sojan Ingila mai suna Baden-Powell ya kwashi yara 20 ya kai su wani ɗan tsibiri da ake kira Brownsea, suka yi kusan mako guda a tanti suna koyon bin sawu da hura wuta da ɗaurin igiya. Daga nan ƙungiyar sikawut ta samo asali, ta kuma iso Nijeriya a 1915. A Arewa ta fi kama ƙasa a makarantun kwana, wato midil da kwalejojin horon malamai. Yaron elementare na ƙauye sai dai ya gan su da gajeren wando da ƙyalle a wuya ranar fareti.

A 1951 kuma aka buɗe wata cibiya a gaɓar teku kusa da garin Victoria, wanda yanzu ake kira Limbe a ƙasar Kamaru, a wani wuri mai suna Man O' War Bay. Wani Bature Alec Dickson ne ya jagorance ta, ya kuwa ɗauko tsarin ne daga makarantar Outward Bound da aka fara a Birtaniya a 1941. Ana tura matasan malamai da ma'aikatan En'e, har da 'yan Arewa waɗanda ba su taɓa ganin teku ba, a koya musu iyo da tuƙa kwalekwale da hawan Dutsen Kamaru da aikin gayya. Da Kudancin Kamaru ya rabu da Nijeriya a 1961, sai aikin ya dawo Kurra Falls a ƙasar Filato, daga baya kuma duwatsun Shere kusa da Jos. Sunan Man O' War da muke ji a makarantu har yau daga can ya fito.

A ɓangaren namun dawa, an keɓe Yankari a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a watan Disamba na 1962. A farkon shekarun 1970 kuma Gwamna Audu Bako ya gina gidan zu a Kano. To, duk wannan ya taru ya haifar da wani irin malami: ɗan ƙauye wanda ya yi kiwo yana yaro, ya yi sikawut a kwaleji, wataƙila an taɓa kai ajinsu Yankari. Da Janar Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta na UPE a watan Satumba na 1976, irin waɗannan malamai ne aka watsa ƙauyukanmu. Ban taɓa jin an ware wa makarantarmu ko kwabo don fita da yara daji ba. In an fita, to zuciyar malami ce ta fitar.

TAFIYARMU TA 1982

Ni ɗan farin UPE ne, da mu aka buɗe aji ɗaya a ƙauyenmu da ke ƙasar Faskari, lokacin muna cikin tsohuwar Jihar Kaduna, don sai a 1987 aka yanke Katsina. Muna aji shida, a hunturun farkon 1982, malamin ajinmu ya zo da maganar zai kai mu gefen Kogo mu kwana uku. Ba ƙaramar gwagwarmaya ya sha ba. Sai da hedimasta ya raka shi gaban Maigari, aka kira Liman, aka kira iyaye. Sharuɗɗa uku aka gindaya: na'ibin Liman zai bi mu saboda salla, wani tsohon maharbi na garinmu zai ja gaba, kuma ba za a je da 'yan mata ba. Mata huɗu ne a ajinmu, har yau ina tuna yadda suka tsaya a gindin darbejiyar makaranta suna kallonmu muna ɗaure kaya.

Kowane yaro ya kawo naira ɗaya, da mudun garin masara, da ƙullin kuka da daddawa, da tabarma da bargo. Wani ofis ya yi mana alkawarin mota, muka zauna jira tun hantsi har azahar ba ta zo ba. Ƙarshe dai wani dillalin auduga ne ya ji tausayin malam ya ba da motarsa. Muka bi ɗaya daga cikin hanyoyin burji da shirin bunƙasa noma na Funtuwa ya shimfiɗa, wanda aka fara a 1975 da kuɗin Bankin Duniya. Inda burji ya ƙare muka sauka muka taka da ƙafa, har muka isa wata tsohuwar rumfa ta malaman daji a bakin rafi. Malamin daji guda muka tarar, da kekensa da ɗan littafinsa, ya rubuta yawanmu ya ce kada wanda ya sari ɗanyen ice.

Malam ya raba mu ƙungiya huɗu irin ta sikawut, kowace da sunan dabba, ni na faɗa ƙungiyar Dila. Wasu ɗebo ruwa, wasu busasshen itace, wasu tuƙa tuwo. Ranar na san cewa tuwon mutum talatin ba wasa ba ne, don na farkon da muka yi gudaji ne zalla, muka ci a haka muna dariya.

Da asuba bayan salla maharbin ya ce kowa ya rufe bakinsa ya biyo shi. Ya kai mu inda dabbobi ke shan ruwa, ya durƙusa yana karanta mana ƙasa kamar mai karanta allo. Ga sawun gada, ƙarami mai tsini. Ga inda gadu ya durƙusa a kan gwiwa yana tonon saiwa. Ga ƙayar beguwa. Ga kashin kura, fari fat kamar alli, ya ce saboda ƙashin da take taunewa ne. Ya nuna mana yadda ake gane sawun jiya da na yau, ta raɓa da kuma ƙwarin da suka ratsa kansa. Can rana ta ɗan ɗaga sai ya ɗaga hannu, duk muka ƙame. A wani fili tsakanin itatuwan doka, ga gwanki uku suna kiwo, manya kamar dawakai, da dogayen kunnuwa da ƙaho mai lanƙwasa baya. Ban fi ƙirga goma ba iska ta juya, suka ɗaga kai, suka bace. Shekara arba'in da 'yan kai ke nan, ban sake ganin gwanki a ƙasar Katsina ba.

Da rana kuma malam ne ke karɓar aji. Ya koya mana auna tsawon maɗaci ta hanyar gwada inuwarsa da inuwar sanda, lissafin da ya gagare mu a allo sai ga shi ya zauna cikin minti kaɗan. Ya sa kowa ya tsinko ganye ya manna a littafi, maharbi na faɗin suna da amfani, mu muna rubutawa: marke, maje, ƙirya wadda maƙera ke son gawayinta, kaɗanya, ɗorawa, faru, kalgo, gwandar daji. Ya ce mana ruwan da ke sauka a wannan tudu namu na kewayen Funtuwa shi ne mafarin gulbin da ke bi ta Gusau har Sakkwato, mu kuwa muka yi ta mamaki. A kan wani dutse muka ga garken gwaggon biri, da babbansu zaune can sama yana gadi. Muka ga burtu biyu suna takawa a ƙasa, maharbi ya ciro kan burtu daga jakarsa ya ɗaura a goshi, ya nuna mana yadda ake sanɗar nama da shi.

Da dare a bakin wuta aka yi wata gardama da ba na mantawa. Maharbi ya ce kura mata-maza ce, kowace ɗaya namiji ce kuma mace. Malam ya ce a'a, littafi bai faɗi haka ba. Maharbi ya ce, "Malam, littafinka ya taɓa feɗe kura?" Muka fashe da dariya, malam ma ya yi. Sai da na girma na karanta cewa macen kura mai dabbare-dabbare halittar gabanta tana kama da ta namiji ƙwarai, har ta kan ruɗi masana. Ashe maharbi ya ga abin da ya gani, malam kuma ya faɗi gaskiya. Da ɗayansu kaɗai muka bi, da rabin sani muka dawo da shi.

Ba daɗi kaɗai aka sha ba. Sanyi ya hana mu barci, kukan kura ya sa wani ya jiƙa tabarmarsa, kunama kuma ta harbi wani yaro a dare na biyu, ya kwana yana ihu, malam ya kwana a zaune a kansa. Amma da gari ya waye aka ce ko a mai da shi gida, shi da kansa ya ce ba inda za shi.

A rana ta uku muka biya wata ruga a bakin dajin. Ardo ya sa aka kawo mana nono a ƙwarya. Akwai wani yaro tsaranmu riƙe da sanda, wanda malam ya gwada shi da ganyayen da muka tara, ya faɗi sunan kowane da Fillanci da Hausa ba tare da ya yi tuntuɓe ba, har ya gyara mana biyu. Malam ya roƙi uban ya kawo shi makaranta. Uban ya yi murmushi ya ce, "Malam, makarantarku tafiyar rabin yini ce daga nan. In ya tafi wa zai bi shanu?" Muka yi sallama muka wuce. Ban san sunan yaron ba, amma a 'yan shekarun nan babu wanda nake yawan tunawa a tafiyar kamarsa.

YADDA ABIN YA ZUBE

Ajin da ke bayanmu an kai su sau ɗaya, daga nan aka yi wa malam canjin wurin aiki, magana ta mutu. Da ma na ce zuciyar mutum guda ce ke riƙe da ita. Amma ko da ya zauna, zamani ya riga ya juya.

Da farko kuɗi suka ƙare. Farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, aka shiga tsuke bakin aljihu, sannan shirin SAP ya zo a 1986. Malamin da ke bin bashin albashi ba zai yi tunanin hayar mota ya kai yara kallon gwanki ba. Na biyu, namun kansu suka ƙare. An yi annobar shanu a 1983, aka yi fari a 1983 da 1984, jama'a suka ƙaru, taki da tarakta suka sa gona ta yi ta cin daji, manyan motoci suka yi ta fitar da itace da gawayi, bindiga ta maye gurbin baka. Burtalin da shanu ke bi shi ma gona ta cinye shi, rigimar manomi da makiyayi ta ƙaru. Na uku, malaman daji suka tsufa suka yi ritaya, waɗanda suka rage ba su da ko keken zagaye. An kafa hukumar ilimin makiyaya a 1989, an ɗaga Kamuku zuwa gandun daji na ƙasa a 1999, amma mu da ke gefen dajin ba mu ga canjin da ya kai girman sunayen ba.

Yawon buɗe ido bai mutu gaba ɗaya ba, alƙibla ya sauya. Makarantu masu hali suka koma kai yara Kano su ga zaki a keji su biya Gidan Makama, ko Katsina su ga hasumiyar Gobarau, ko Daura su ga rijiyar Kusugu, a dawo a ranar. Yankari kuwa, da ruwan ɗuminsa na Wikki da giwayensa, tafiyar yini guda ce daga nan, sai 'ya'yan masu kuɗi. Duk waɗannan wurare ne masu amfani. Sai dai yaro ya dawo ya san zakin keji, bai san sunan icen da ke bayan gidansu ba.

Haka aka bar daji ba malami, ba ɗalibi, ba ma'aikaci, sai wanda ba shi da wurin zuwa da wanda ke neman wurin ɓuya. Satar shanu ta yi ƙarfi a Zamfara daga wajen 2011, ta bi waccan sarƙar dazuzzuka da na ambata ta shigo mana. A watan Maris na 2014 aka kashe gomman mutane a Maigora da ƙauyukan kewaye, a ƙasashen Faskari da Sabuwa. Hanyar da namun dawa suka bi shekaru aru-aru, ita ce babura suka gada.

DISAMBAR 2020

A ƙarshen shekarar 2020 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya amince a ƙara gandayen daji na ƙasa guda 10. A cikinsu akwai Falgore ta Kano, da dausayin Haɗeja, da kuma Kogo tamu. Da na ji labarin a rediyo sai da na tuna da malamin ajinmu.

A daren Juma'a 11 ga Disamba na wannan shekarar, 'yan bindiga a kan babura suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, suka kora ɗaruruwan yara cikin daji da ƙafa. Shugaban ƙasa yana Daura a lokacin. Yaran sun kwana shida a hannunsu, aka sako 344 a ranar 17 ga wata ta ɓangaren Tsafe a Jihar Zamfara, Gwamna Aminu Bello Masari ya karɓe su a Katsina washegari. Sun ba da labarin doguwar tafiya cikin ƙaya, wasu ba takalmi, da yunwa, da shan ruwan kududdufi, da duka. Da yawansu 'yan ƙananan azuzuwa ne, ba su daɗe da barin firamare ba, wato tsaranmu lokacin da muka je Kogo. Kwana biyu bayan sakinsu aka tare 'yan Islamiyya kusan 80 na garin Mahuta a ƙasar Ɗandume, suna dawowa daga Mauludi a wani ƙauye, Allah Ya sa aka kuɓutar da su a daren. Sannan aka yi Kagara da Jangebe a Fabrairun 2021, da Tegina a watan Mayu, da Kuriga a Maris na 2024.

A 2021 gwamnatin Katsina ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta hana manyan motoci ɗauko itace daga daji, aka kuma katse layukan waya na wani lokaci a ƙananan hukumomi 13, har da waɗannan uku namu. Wani tsoho ya ce mini a lokacin, "Ka ga ikon Allah, sai yanzu itatuwa suka huta."

To mai karatu, wane uba ne zai ji duk wannan a kawo masa takardar kwana a daji ya sa hannu? Ni ma ba zan sa ba. Kada wani ya ɗauka kira nake a kwashi yara a kai su Kogo gobe.

ABIN DA YA RAGE A HANNUNMU

Abin da nake cewa shi ne, sakaci biyu muka yi, kuma tare suka tafi. Ba mu mai da kai ɗan aji daji wani tsari mai gindi ba, muka bar shi ga sa'ar samun malami mai zuciya. Ba mu kuma kai aji ga ɗan daji ba, irin yaron can mai sanda da ya fi mu sanin ganye. Ba ina cewa shi ko 'ya'yansa sun ɗauki bindiga ba, mafi yawan mutanen ruga su ma korarsu aka yi, aka kwashe musu shanu. Amma da a ce mun zauna benci ɗaya da shi, da yau akwai wanda zan kira a bakin dajin, shi ma yana da wanda zai kira a gari. Yanzu ga gandun daji na ƙasa an ba mu a takarda, ga yara sun taso ba su san daji da komai ba sai kuɗin fansa. Wa zai tsare abin da bai sani ba, balle ya so shi?

Akwai abin da za a iya yi tun kafin hanya ta buɗe. Tsofaffin maharba suna nan a garuruwanmu, da yawa gudun hijira ya kawo su Funtuwa da Malumfashi da cikin Ƙanƙara, suna zaune ba aikin yi. Hedimasta zai iya gayyato ɗaya ranar Alhamis ya zauna da 'yan aji biyar da shida, a ɗauki muryarsa a waya, domin duk wanda ya rasu a cikinsu da littafinsa ake binne shi. Kowace makaranta za ta iya dasa kaɗanya da ɗorawa da marke da tsamiya a harabarta, ba darbejiya kaɗai ba, a rubuta wa kowane suna. A wannan karon kuma kada a bar 'yan mata a gindin bishiya suna kallo.

Mu ma marubuta da masu karatu muna da namu laifin. Abubakar Imam ya cika Magana Jari Ce da dabbobi da tsuntsaye tun 1937, ya kuma sa wa littafin tafiyarsa Ingila suna Tafiya Mabuɗin Ilmi. Mu kuwa littattafanmu na yanzu daga falo sai filin jirgi, in daji ya fito to ko dai aljanu ne ko masu garkuwa. Yaron da ba zai iya zuwa Kogo da ƙafa ba, ai ana iya kai shi da alƙalami.

Ranar Asabar ɗin da ta biyo bayan waccan hira tamu, na ɗauki ɗan autan nawa a babur muka fita ƙarshen unguwa, inda gidaje suka ƙare gonaki suka fara, ba mu yi nisan da za a daina jin kiran salla ba. Na nuna masa kaɗanya ɗaya da ta tsira a tsakiyar wata gona, na sa ya taɓa ɓawonta mai kama da bayan kada, na ce masa daga 'ya'yanta ake yin man da kakarsa ke shafa masa a ƙafa lokacin hunturu. Ya zagaya ta sau biyu, sannan ya ce, "Baba, in an samu lafiya za ka kai ni inda kuka ga gwankin?"

Na ce in Allah Ya yarda. Ban gaya masa cewa gwankin sun riga lafiyar tafiya ba.

Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya kuma dawo mana da zaman lafiya a ƙasarmu. Amin.